Kumburin Ƙafar Mai Jego Da Gadon Da Ke Yawo A Cikin Jini

Wani abu ne ya faru a nan garinmu Gubuchi wanda ya hana ni sukuni, na ga bai kamata in bar shi a cikina ba, domin na tabbata ba gida ɗaya ya shafa ba.

A Islamiyyar da nake koyarwa muna da ajin matan aure da ake shiga bayan la'asar. Cikin ɗalibaina akwai wata yarinya mai ƙwazo, shekarunta 19, wadda Allah Ya sauke ta lafiya a farkon lokacin saran rake. Haihuwar fari ce, don haka bayan suna aka kai ta wankan gida. Tana da kwana 12 da haihuwa na leƙa in duba ta, sai na tarar da ita kwance, ƙafarta ta hagu ta kumbura suntum tun daga ƙauri har cinya, tana sheƙi, in ka taɓa ka ji ɗumi, ta dama kuwa lafiya lau. Mahaifiyarta na zaune a gefen gado da ruwan zafi da tsumma tana gasa mata, in ta gama ta bi da man zafi tana murzawa.

Na ce, "Inna, tun yaushe ƙafar nan take haka?"

Ta ce, "Yau kwana uku ke nan, Malama. Sanyi ne ya shige ta. Ba ta bari ruwan wankan ya yi zafi, kin san yaran yanzu." Sai kuma ta sassauta murya, ta ce, "Ni tsorona ɗaya ne. Haka ƙafar ƙanwata ta yi."

A nan na ji labarin da ban taɓa ji ba. Wajen shekara 20 ke nan, ƙanwar tata ta haihu, ƙafa ta kumbura, aka yi ta gashi. Ana cikin sati na uku ta tashi za ta zagaya bayi, ta dafe ƙirji, numfashi ya sarƙe, kafin a nemo mota rai ya yi halinsa. Dangi suka ce kishiya ce ta binne mata abu ta taka. Daga ranar har yau gidajen biyu ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su.

Ni ba likita ba ce, addini na karanta a kwaleji. Amma na taɓa ji a wajen awo cewa kumburin ƙafa ɗaya ga mai ciki ko mai jego ba abin wasa ba ne. Na roƙi Inna ta dakata da murzar, aka aika gona aka kira mijin. Asibitin da suka fara zuwa ya tura su Shika, can aka ɗora na'urar sikanin a cinyar, aka ga gudan jini ya toshe babbar jijiya. Aka soma yi mata allura a ranar. Mijin ya gaya mini cewa likita bai tambayi abin da ta ci ko abin da ta taka ba. Cewa ya yi, "A danginku akwai wanda ya taɓa yin irin wannan?" Da aka zauna aka ƙirga sai ga mutum uku: ita, da gwaggon nata da ta rasu, da wani kawunsu da ƙafarsa ta taɓa kumbura bayan ya karye ya daɗe a kwance. Wannan tambaya ta likita ita ta sa na shiga karance-karance da tambayar ma'aikatan lafiya, ga kuma abin da na samo.

Totur da birki

Uwargida, tuna ranar da wuƙa ta yanke ki kina yanka albasa. Jini ya zuba, kin danne, bayan 'yan mintoci ya tsaya. A cikin 'yan mintocin nan aiki mai yawa ya gudana. Da farko wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a jini sun ruga bakin ciwon sun manne da juna. Daga nan sai wasu sinadarai fiye da 10, waɗanda hanta ce ke ƙera mafi yawansu, suka shiga tashin juna ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tayar da wancan, har a kai ga babbansu mai suna turombin. Shi ne yake saƙa wani zare mai kama da yanar gizo-gizo, zaren ya kama ƙwayoyin jini, sai a sami guda. Irinsa ne kike gani a ƙasa ranar layya bayan an yanka rago.

To abin tambaya, tunda an kunna wannan aiki, me ya hana shi ci gaba daga yatsa ya bi hannu har jinin jiki duka ya daskare? Amsar ita ce, Wanda Ya yi wa jini totur Ya yi masa birki. Manyan birkin guda uku ne: antiturombin, da furotin C, da mataimakinsa furotin S. Yadda furotin C yake aiki ya daɗe yana ba ni mamaki. Idan turombin ya zarce bakin ciwo ya isa inda jijiya take lafiya, akwai wani maƙali a jikin bangon jijiyar da yake cafke shi. Da zarar an cafke shi sai ya sauya aiki, ya daina saƙa guda, ya koma tayar da furotin C, shi kuma furotin C ya je ya datse sinadari na 5 da na 8, waɗanda su ne ke ƙara wa aikin wuta. Wato wanda ya hura wutar, shi ne kuma yake kiran mai kashe ta. Tsarki ya tabbata ga Allah.

Manoman ƙasarmu sun san abin da ke faruwa idan wannan ma'auni ya ɓaci, ko da ba su san sunansa ba. Dafin kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, yana danna totur ɗin ne a duk jiki lokaci ɗaya har kayan daskarewar su ƙare, sai ka ga jini na fita ta dasashi da tsohon tabo ya ƙi tsayawa. A shekarun 1970 wani likita ɗan Ingila, David Warrell, da ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokan aikinsa suka bayyana wani gwaji mai sauƙi: a zuba jinin wanda maciji ya sara a busasshiyar kwalba mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba to dafi ya kama shi. Har yau ana amfani da wannan gwaji a ƙasashe da dama.

Gadon da ba a raba shi a gaban alƙali

Kowane ɗaya daga sinadaran nan akwai rubutaccen umarnin yadda jiki zai ƙera shi, wanda masana ke kira ƙwayar gado. Ɗan Adam yana da irin waɗannan ƙwayoyi kusan 20,000, a jere a kan zarurruka 46, guda 23 daga uba, 23 daga uwa. Umarnin ƙera furotin C yana kan zare mai lamba 2, kuma kowa kwafi biyu gare shi, na uba da na uwa. Idan ɗaya daga ciki ya zo da tangarɗa, mutum zai rayu da kusan rabin birkin da sauran mutane ke da shi. An ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 200 zuwa 500 haka yake, kuma mafi yawansu har su koma ga Allah ba za su taɓa sanin suna da shi ba, domin rabin birki ya isa tafiyar yau da kullum. Sai an zo gangara ake gane bambanci.

Idan ina koyar da rabon gado nakan gaya wa ɗalibai kason ɗa da na 'ya, da na mata da na uwa. Wannan gadon kuwa ba ruwansa da namiji ko mace. Duk ɗan da mai tangarɗar ya haifa, ko dai ya ɗauko ta ko ya tsallake, kamar a jefa kwabo sama. Kuma ta wajen uba take zuwa kamar yadda take zuwa ta wajen uwa. Na faɗi haka ne saboda na san halinmu, da an ji ciwo na gado ne sai dangin miji su ce ai jinin gidan uwar ne.

Masana ba su gano wannan a rana ɗaya ba, kuma kusan kowane mataki daga wani iyali ya faro. A 1965 wani likita a ƙasar Nowe, Olav Egeberg, ya lura da wani dangi da gudan jini ya addaba, ya auna su ya tarar antiturombin ɗinsu ya yi ƙasa. A 1976 Johan Stenflo na ƙasar Suwidin ya tace furotin C daga jinin shanu. Sunan ma ba wani sirri a cikinsa, kason da ya fito na uku ne a wajen tacewa, bayan A da B. A 1981 John Griffin da abokan aikinsa a Amurka suka ba da rahoton iyali na farko da ƙarancin furotin C ya sa suke yawan samun gudan jini. A 1993 kuma Björn Dahlbäck, shi ma a Suwidin, ya gamu da wani majiyyaci wanda birkinsa lafiya lau yake, amma in an taka ba ya kamawa. Shekara guda bayan haka, a 1994, Rogier Bertina da mutanensa a birnin Laidin na ƙasar Holan suka gano dalili: harafi ɗaya tak ne ya sauya a ƙwayar gadon sinadari na 5, sai ya zama furotin C ba ya iya datse shi da sauri.

Wannan sauyi na Laidin shi ne ya fi shahara a littattafan likitoci, domin kusan Turawa 5 cikin 100 suna ɗauke da shi. A cikinmu baƙar fata 'yan Afirka kuwa da ƙyar ake samunsa. Kada wannan ya sa mu saki jiki. A Amurka, inda ake ƙirga irin waɗannan abubuwa, baƙar fata sun fi farare yawan kamuwa da gudan jini a jijiya. Abin da ya nuna shi ne an fi yin binciken a kan jinin wasu, namu kuwa yana jiran 'ya'yanmu. Duk lokacin da na ga 'yan mata sanye da fararen kaya suna tafiya makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi sai in ji daɗi, in yi fatan wasu daga cikinsu su zarce har ɗakin bincike.

Me ya sa sai mai jego?

Tun a tsakiyar ƙarni na 19 aikin wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya share hanyar gane abubuwa uku da ke sa jini ya daskare a inda bai kamata ba: jini ya rage gudu, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko shi kansa jinin ya ƙara saurin daskarewa. Idan kin duba, dukkan ukun sun haɗu a jikin mai jego.

Idan ciki ya tsufa, jinin da ke ratsa mahaifa ya kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Ranar da mabiyiya ta rabu da mahaifa, jijiyoyin nan a buɗe za a bar su. Saboda haka tun ciki yana ƙarami jiki yake shiri: sinadaran daskarewa su ƙaru, furotin S ya ragu, wato a ƙara totur a sassauta birki. Rahama ce, ba don ita ba da mace ba ta tashi daga kan gwiwa ba. Sai dai rahamar tana da nata nauyi. Mai ciki ta fi wadda ba ta da ciki haɗarin gudan jini sau 4 zuwa 5, kuma haɗarin ya fi tsanani a sati 6 na farko bayan haihuwa. Sati 6 kwana 42 ke nan. Kun ga ashe arba'in ɗin da iyayenmu suka ware wa mai jego ya yi daidai da kwanakin da likitoci suka fi sa ido. (A fiƙihunmu na Malikiyya iyakar jinin biki kwana 60 ne, arba'in al'ada ce da abin da ya fi yawa, kada a haɗa su.)

Ga kuma nauyin ciki da ke danne manyan jijiyoyin ƙugu, musamman ta hagu, shi ya sa mafi yawan masu ciki da ke samun wannan matsala a ƙafar hagu take kama su. Ga raunin da haihuwa ke bari, balle in tiyata aka yi. Sannan ga kwanciya. A nan ne al'adarmu mai kyau take iya juyewa. Muna tausayin mai jego, ba ta daka, ba ta ɗiban ruwa, wani gidan ma ko tsakar gida ba a so ta fito. Hutu haƙƙinta ne, amma hutu daban, kwanciya wuni guda ba motsi daban. Naman ƙauri shi ne famfon da ke tura jinin ƙafa ya koma sama, in ba a taka ba jinin sai ya kwanta. Ƙara da zufar wankan jego safe da yamma in ba a shan ruwa sosai. Macen da birkinta cikakke ne takan wuce duk wannan lafiya, shi ya sa dubbai suke yi ba abin da ya same su. Wadda ta gaji rabin birki kuwa, gangararta ke nan.

Ba haihuwa kaɗai ba. Karaya ko tiyata da doguwar jinya, ƙiba mai yawa, da ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗe da sinadari biyu, duk suna ƙara haɗarin. Shi ya sa ba a ba mai jego irin wannan ƙwaya a makonnin farko, kuma wadda danginta ke da tarihin gudan jini ya kamata ta faɗa kafin a zaɓa mata, tunda akwai wasu hanyoyin. Haka doguwar tafiya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa zama wuri ɗaya fiye da awa 4 a jirgi ko mota yana ninka haɗarin kusan sau biyu, ko da yake a asali ƙanƙane ne. Hajiyoyinmu masu tafiya Makka, a riƙa miƙewa ana takawa a cikin jirgi, a sha ruwa, kada tsoron shiga bayin jirgi ya sa a ƙi sha.

Abin da ya sa na hana Inna murza ƙafar nan shi ne, gudan da ke cinya yana iya ɓallewa ya bi jini ya ratsa zuciya ya je ya toshe hanyar huhu. Alamunsa: numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ciwon ƙirji mai suka in an ja numfashi, bugun zuciya da sauri, tari wani lokaci da jini, ko a yanke jiki a faɗi. Ki sake karanta yadda gwaggon yarinyar nan ta rasu. Gaibu sai Allah, amma da na karanta wa Inna waɗannan alamu shiru ta yi ta daɗe ba ta ce komai ba.

Akwai wani ciwon na masu jego da ake iya rikita shi da wannan, kuma ƙasar Zazzau ta yi suna da shi a littattafan likitanci. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata masu yawa da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta. Shi wannan ƙafafu biyu yake kumburawa, har da fuska, mace ta kasa kwanciya sai a zaune saboda haki. Ba aikinki ba ne ki tantance wanne ne. Ƙafa ɗaya ko biyu, in dai da ciwo ko haki, asibiti za a nufa a ranar.

Jarirai da ƙananan yara

Idan uba da uwa duk suna da tangarɗar furotin C, to a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 jariri ya ɗauko ta ɓangare biyu, ya zo duniya kusan babu birkin sam. Irin wannan jariri cikin awoyi ko kwanaki kaɗan sai a ga tabo ja ya fito masa a cinya ko ɗuwawu ko kai, ya rikiɗe ya yi baƙi yana faɗi, kuma abin yana iya taɓa ido da ƙwaƙwalwa. Ana ceto shi da ƙarin ruwan jini idan an yi hanzari. Abu ne da ba kasafai ake gani ba, amma an fi samunsa inda ake auren zumunci. Auren zumunci halal ne, ni kaina 'yarsa ce, ba kuma cewa nake a bari ba. Lissafin dai iri ɗaya ne da na sikila da muka riga muka sani, mai AS ya auri mai AS. Sai dai a lura, gwajin jini na kafin aure, irin wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, ba ya nuna wannan. Abin da ke nuna hanya shi ne tarihin gida: jarirai nawa aka rasa, da wace alama.

Su ma masu sikila, bincike ya nuna furotin C da S nasu yakan yi ƙasa, kuma sun fi sauran mutane samun gudan jini. Mai sikila in ta sami ciki, awonta na babban asibiti ne.

Wanda ya fi girgiza ni shi ne abin da aka gano game da zazzaɓin cizon sauro, wanda kowace damina yake ɗauke mana yara. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta sa su riƙa mannewa a bangon ƙananan jijiyoyi. A 2013 masu bincike na Jami'ar Kofanhegan ta ƙasar Denmak, da suka yi aiki da jinin yara 'yan Tanzaniya, suka gano cewa nau'in da ke kawo zazzaɓi mai tsanani yana mannewa ne daidai a kan mazaunin da furotin C yake zama ya yi aikinsa. A shekarar dai wasu masu bincike a Malawi suka nuna cewa a ƙwaƙwalwar yaran da ciwon ya kashe, wannan mazauni ya ɓace a wuraren da ƙwayoyin suka taru, ga kuma ƙananan gudajin jini a wajen. Ashe yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga ya sume, wanda mukan ce iska ce ta buge shi, birkin jininsa ne aka tare a cikin kansa. A yi masa addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti, domin allurar da ke kashe ƙwayar cutar tana can. Gidan sauro da maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, kada a raina su.

Magani da gwaji

Da masana suka fahimci furotin C sun yi zaton sun sami makami. Wani kamfani a Amurka ya ƙera shi, aka sa masa suna Xigris, aka amince da shi a 2001 don masu cutar da ƙwayoyi suka mamaye musu jini. Bayan shekara 10, a 2011, wani babban gwaji ya nuna ba ya rage mutuwa, aka janye shi daga kasuwa. Na kawo wannan ne don masu tallar magani a mota da lasifika, waɗanda maganinsu bai taɓa kasawa ba. Masu ilimin gaske sukan gwada, in bai yi ba su faɗa.

Magungunan da ake amfani da su ga mai gudan jini ba sa narkar da shi nan take, hana shi ƙaruwa suke yi har jiki ya cinye shi da kansa. Mai ciki allurar hefarin ake yi mata a fatar ciki ko cinya, domin ba ta ratsawa ta isa ga ɗan tayi. Ƙwayar wafarin kuwa tana ratsawa, tana kuma iya nakasa shi, don haka macen da ke shan ta in ta ga ɓatan wata ta koma wajen likita ba tare da jinkiri ba. Bayan haihuwa dukansu biyu ba sa hana shayarwa. Shi wafarin tarihinsa abin dariya ne: a shekarun 1920 shanu a Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci ruɓaɓɓiyar harawa, daga nan aka gano sinadarin, a 1948 aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 aka amince mutane su sha. Shi ya sa ake auna jinin mai shan sa a kai a kai, kaɗan ya wuce kima sai zubar jini. Ganyaye irin su zogale da alayyafo da kabeji suna da bitamin K mai rage masa ƙarfi. Ba a ce a daina ci ba, a dai ci daidai wa daida, kada yau a cika kwano da kwaɗon zogale sannan a yi sati biyu ba a taɓa ba. Kuma ban da sayen maganin ciwon jiki a kemis ba da sanin likita ba.

A nan zan ja kunne. Kada wata ta karanta wannan ta je ta sayi abin da ake kira maganin tsinka jini ta sha don rigakafi. A ƙasarmu zubar jini bayan haihuwa ya fi gudan jini kashe mata nesa ba kusa ba.

Gwajin furotin C kuwa ba na kowa ba ne. Yana da tsada, ba a yin sa a ƙananan asibitoci, kuma in an yi shi lokacin da gudan yake sabo ko ana shan wafarin sakamakon yakan ruɗar, kamar yadda ciki ke ruɗar da na furotin S. Likitan jini ne zai ce a yi ko a bari. Abin da ke hannunmu, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne mu zauna da tsofaffinmu mu tambaya. Wace ce ta rasu a cikin jego, yaya aka yi? Wa ƙafarsa ta taɓa kumbura guda ɗaya? Wa ya faɗi farat ɗaya yana da ƙuruciya? Mu mata mun iya riƙe wanda ya kawo gudummawar atamfa a bikin shekara 15 da suka wuce, wannan ba zai gagare mu ba. Ranar awo kuma a faɗa wa ma'aikaciya ko ba ta tambaya ba. Na san akwai kunya da kawaici, musamman ga mai cikin fari wadda ko sunan cikin ba ta iya faɗa, to uwa ko yaya ta raka ta ta yi magana a madadinta.

Ɗalibata ta kwana 9 a asibiti. An ce za ta sha magani na aƙalla wata 3, sai bayan ta gama za a duba batun gwaji, kuma duk cikin da za ta sake samu tun farkonsa za ta je a tsara mata. Ta dawo aji da jaririnta a baya, ƙafar ta saɓe, sai dai takan ɗan yi nauyi da yamma. Yayarta da ke aure a Hunƙuyi tana da ciki wata 6, an aika mata, ta kuma gaya wa masu awo.

Ranar da na je yi musu barka da arziki, Inna ta rako ni har zaure. Na ce, "Inna, ita kuwa baiwar Allah nan da aka ce ta yi wa marigayiya asiri, tana nan da rai?" Ta ce tana nan, ta tsufa, idonta ma ya soma ba ta wahala. Na ce ko za mu je mu gaishe ta tare. Ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa, ta ce, "To Malama, bari dai a gama aikin rake, in shawarci Malam."